Bututun da Yaya Ilu Bai Ƙarasa Ba

Tun da na dawo, duk wanda ya tare ni a bakin kasuwa ko wajen mai shayi, sai ya yi mini gaisuwa, ya ce Allah ya jiƙan rai, sannan ya ce, "To Sani, yaya Jos ɗin? Da gaske ne ruwa yana daskarewa a buta?" Ban ga laifinsu ba. Mu mutanen Damagaram Kano muka sani, Jos kuwa sai a bakin direbobi. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, wannan ya ji kai wancan ya ji wutsiya, shi ya sa na ce bari in zauna in faɗe shi daga farko har ƙarshe. Ruwa dai ba ya daskarewa a buta. Sauran kuma ga shi.

Ni mai gyaran famfo ne. Wana Iliyasu, wanda muke ce wa Yaya Ilu, shi ya koya mini sana'ar. Da aiki ya yi ƙaranci a garinmu sai ya tsallaka Nijeriya, ya yi ta gaba har ya tsaya a Jos, inda sanyi ya sa gidajen masu hali da otal-otal ba sa rabuwa da ruwan zafi. Can ya kafu, ya auri wata 'yar garin mai suna Asabe, suka haifi 'yan mata biyu. Yakan zo mana da babbar Sallah, ya kawo wa Inna dankalin Turawa da bargo.

A tsakiyar damina ne mai shagon bakin layinmu ya leƙo gidanmu da wayarsa a hannu, don a lokacin ba kowa ke da salula ba. Muryar Asabe ce. Ta ce, "Ruwan zafi ya ƙona yayanka a wajen aiki. Yana asibiti. Yana ta tambayarka." Na tambaye ta ƙunar da yawa ne, ta ce in dai taho.

Inna idonta ya yi rauni, amma ba ta bari kowa ya haɗa mata saƙo ba. Ta lalubo kwalbar zumar da take ɓoyo a ƙarƙashin gado, ta naɗe ta da tsumma, ta tura cikin jakata. Ta ce, "Zuma ce maganin ƙuna. Ka shafa masa da hannunka, kada ka ba wani."

Motar da na shiga zuwa kan iyaka cike take da 'yan kasuwa, kuma yaron mota ya ɗora buhun kanwa a kan jakata ban gani ba. Sai da muka sauka a Kwangwalam, jami'in da ke duba kaya ya ce in buɗe, na ja zif, na ga abin da ya faru. Kwalbar ta tsage. Zuma ta bi riguna, ta bi wando, ta bi hula. Kafin in ɗago kai ƙudaje sun taru. Jami'in ya fara dariya, ya ce, "Malam, kai da tururuwa za ku kwana yau." Da ya ga ban yi dariya ba sai ya tambaye ni ina za ni. Na gaya masa. Ya daina dariya. Ya shiga rumfarsu ya fito da wata 'yar robar man shafawa da aka wanke, ya riƙe mini ita, na tsiyaye abin da ya rage a gindin kwalbar, muka tace da bakin hankici saboda ɓaraguzai. Ya ce, "Allah ya ba shi lafiya. Wuce."

Na kwana a Kano wajen wani ɗan garinmu mai sayar da fata, na wanke kayana, ba su bushe ba na cusa su a leda. Da safe na kama motar Jos. Kusa da ni wata mata ce mai jiki, 'yar kasuwar dankali, tana komawa gida bayan ta sauke kaya. Tun kafin mu fita gari ta dubi 'yar rigar da ke jikina ta ce, "Da wannan za ka hau dutse?" Na ce ai damina ce, ba lokacin sanyi ba. Ta ce, "Za ka gani."

Na gani kuwa. Mun ratsa wani dogon daji inda direba ya daina hira, bayan Saminaka taya ta fashe, muka tsaya a gefen hanya cikin yayyafi ana canzawa. Daga nan hanya ta fara hawa, kunnena ya toshe, iska ta canza kamar an buɗe firij. A Jengre matar, wadda na riga na gaya wa abin da ya kawo ni, ta ja ni wajen masu gwanjo, ta ce in sayi rigar sanyi ko in kwanta a gadon da ke kusa da na yayana. Na zaɓi wata mai kauri, ruwan toka. Sai da na kwana biyu a Jos ina ganin mutane suna murmushi kafin Asabe ta gaya mini ta mata ce, maɓallanta ma a hagu suke. Ban cire ba. Sanyi bai san ta mata ba.

Abin da ya fara ba ni mamaki a Jos shi ne yadda suke yi da ruwan sama. A wajenmu in hadari ya haɗo, tsofaffi har fitowa suke yi suna dubansa suna addu'a. Can kuwa na ji mai babur, wanda muke ce wa kabu-kabu su suna cewa acaɓa, yana tsaki yana cewa, "Wannan ruwa kuma ya dawo." Na kusa ce masa ya nemi gafara. Shi ya kai ni Anguwan Rogo, gidan surukin Yaya, Malam Tanko, wani tsohon tela da ubansa ya zo garin tun zamanin haƙar kuza. Aka ba ni ɗakin zaure da bargo biyu. Na ajiye jaka, Asabe ta raka ni asibiti.

Ban gane shi ba da farko. An naɗe ƙirjinsa da hannayensa duka biyu, da wuyansa, da rabin fuskarsa. Ido ɗaya ne a waje. Da idon ya sauka a kaina sai ya ce, "Sani, ka rame." Muryarsa kamar ta fito daga cikin tulu.

Na ce, "Yaya, sannu."

"Inna fa?"

"Tana gaishe ka. Ta ba ni saƙo."

Na fito da 'yar robar. Nas ɗin da ke wurin ta ce cikin ladabi ba za a sa komai daga waje a kan ciwon ba, don kada ya ruɓe. Yaya ya ce, "To a bakina fa?" Ta ce wannan ba laifi. Na lakato da yatsa na sa masa a harshe. Ya daɗe bai haɗiye ba. Ya ce, "Ta gida ce."

A barandar asibitin na haɗu da abokin aikinsa, Dung, mutumin ƙasar, Kirista, mai gyaran wutar lantarki. Sun shekara da shekaru tare: Yaya ya yi ruwa, shi ya yi wuta. Hausarsa irin ta can ce, ba ruwanta da mace ko namiji, ga "oga" a kowace magana. Shi ya ba ni labarin abin da ya faru, kuma sai na ɗan yi muku bayani kafin ku gane.

Tankin dafa ruwa, wanda suke kira hita, iri biyu ne. Akwai wanda muka saba da shi, mai buɗaɗɗen bututu a sama, in ruwa ya tafasa tururi ya fita abinsa. Akwai kuma rufaffe, wanda ruwa ke shiga da ƙarfinsa ba shi da wata mafita sai famfo. Ruwa kuwa in ya yi zafi kumbura yake yi. Don haka ake sa wa irin wannan tanki wani bawul, wanda in zafi ko ƙarfi ya wuce ƙima zai buɗe da kansa ya tofar da ruwan. Abin da ya tofar ɗin ba ruwan wasa ba ne, dole a yi masa bututu ya kai shi waje, inda ba zai taɓa kowa ba.

A gidan da aka kira su, wanda ya ɗaura tankin tun farko bai sa bututun ba. Bawul ya riƙa ɗiga a ƙasa yana ɓata daɓe, wani ya gaji da gogewa ya samo murfin ƙarfe ya ɗaure bakinsa. Daga baya abin da ke yanke wuta in ruwa ya yi zafi ya lalace. Aka kira su saboda tankin yana gurnani. Dung ya ce, "Ni na zaga baya in kashe wuta daga mita. Oga Ilu ya shiga ya buɗe famfo don ƙarfi ya ragu. Ban kai mita ba na ji ƙara." Wata mahaɗa ce ta ɓalle a saman tankin, daidai ƙirjinsa.

Na yi kwanaki ina zuwa asibiti da safe in koma bayan magariba. Na koyi cin gwate, wani faten acca da ganye da suke sha da zafinsa, na koyi yin alwala da sauri, don ruwan asuba a Jos cizo yake yi. Zazzaɓi ya kama Yaya, ya sake shi, ya sake kama shi. Likita ba ya faɗin komai sai "muna ƙoƙari". Na lura Asabe ta daina tambayarsa.

Wata ranar da yamma Yaya ya farka da hankalinsa garau, ya ce in matso.

"Akwai aikin da ban gama ba," in ji shi. "Wajen Vom. Wata tsohuwar nas ce, tana da ɗan gidan haihuwa. Na ɗaura mata tanki, irin wancan. Na sa bawul, ban sa bututu ba, jan ƙarfe ya ƙare mini. Na ce kada ta kunna sai na dawo."

"To ai ba za ta kunna ba, Yaya."

"Sanyi ake yi. Za ta gaji da jira. Tankin yana cikin ɗakin da suke wa jarirai wanka, bakin bawul ɗin yana kallon inda suke zama." Ya huta. "Ka je gobe. Dung ya san wurin, amma shi ba ya iya ruwa."

Na ce, "Bari ka samu sauƙi, sai in je. Ni wajenka na zo."

Idon nan ɗaya ya tsaya a kaina. "Sani, ni na ɗaura tankin nan. In na rufe ido shi nake gani."

Ban sake musu ba. Ƙani ba ya ja da wansa, balle wanda ke kwance.

Da safe na ɗauki jakar kayan aikinsa a gida, muka haɗu da Dung a tasha, don ya ce mini tun rigimar addinin da aka yi a garin bai ƙara shiga Anguwan Rogo ba, kamar yadda Malam Tanko ma ba ya shiga unguwarsu. Muka hau ƙaramar bas zuwa Bukuru don sayen kaya. A shagon farko na ce a ba ni tiyo na jan ƙarfe, yadda muke faɗa a gida. Mai shago ya dube ni, ya shiga ciki ya fito da jan tiyon roba na ban ruwan lambu. Dung ya yi dariya har ya dafa bango, karon farko da na ga haƙoransa. Ya ce, "Oga, a nan fayif muke ce masa." Muka sayi bututun, da mahaɗai, da maƙalai, da ɗan mazurarin da ake sawa a tsakani.

Hanyar Vom duwatsu ne a kan duwatsu, da manyan kududdufai da aka ce ramukan kuza ne ruwa ya cika. Gonakinsu ba da kara suke shinge ba, da wata ƙaya mai tsayi suke yi, kore shar. Shanu kuwa ƙiba kamar ba su san rani ba.

Gidan haihuwar ɗakuna ne kaɗan a bayan wani ƙauye. Matar, wadda kowa ke ce wa Mama Nas, tsohuwa ce gajeriya mai furfura da tabarau. Da Dung ya ce mata ni ƙanin Ilu ne sai ta kama hannuna da nata biyu, abin da mace ba ta yi a wajenmu. Ban janye ba. Ta ce, "Yaya jikinsa? Kullum muna sa shi a addu'a a coci." Na ce mun gode.

Ta kai mu ɗakin wankan. Tankin yana bango, fari, sabo, aikin Yaya ne ko daga nesa na gane, don shi ba ya barin bututu ya karkace. A ƙarƙashin bawul ɗin an ajiye bokiti. A gefen bokitin ga 'yar kujera da bahon wankan jarirai.

Na ce, "Mama, wannan bokitin fa?"

Ta ɗan sunkuyar da kai. "Itace ya jiƙe duka, gawayi ba ya kamawa. Ina da masu jego biyu a ciki. Na ce in bai dawo ba wannan satin zan kunna, in ya ɗiga bokiti ya tare."

Na gaya mata ranar da bawul ɗin zai buɗe da gaske ba ɗiga zai yi ba, feshi zai yi, da tururi. Ta dubi kujerar, ta ɗauke bahon ta fitar da shi waje.

Aikin ba shi da wuya in ka san shi, amma ba ya son gaggawa. Daga bakin bawul na sauko da ɗan gajeren bututu zuwa mazurarin. Shi mazurarin yana da buɗaɗɗen wuri a tsakiya, don ido ya ga ruwa in yana wucewa, a san tanki na da damuwa. Daga ƙasansa sai bututu mafi faɗi, ya miƙe tsaye tukuna kafin ya karya, sannan ya riƙa gangara har ƙarshe, ba inda zai kwanta ruwa ya zauna, ba famfo a kansa, ba abin da wani zai iya rufewa. Kuma jan ƙarfe, don roba in ta sha tafasasshen ruwa laushi take yi.

Na auna inda zan huda bango, mafi kusa, na sa alama. Mama Nas ta leƙa ta taga ta ce, "A nan masu jego suke zama shan hantsi. Nan muke shanya." Dole na canza, na bi ta bangon baya inda akwai kwata. Wannan ya sa bututun da muka saya bai isa ba, Dung ya koma Bukuru neman ƙari. Ni kuma na tarar bangon bayan ba bulo ba ne, dutse ne aka jera da siminti. Ga wuta an ɗauke, injin huda ba ya aiki. Na ɗauko guduma da kurfi na Yaya. Ƙotar gudumar ta lotse daidai inda babban yatsansa ke zama, nawa bai cika wurin ba.

Na yi ta sara. Ruwa ya sauko, ya ɗauke, ya sake saukowa. Na tsaya na yi azahar a baranda, Mama Nas ta shimfiɗa mini sabon zane ta nuna mini gabas, ta kawo mini gwate da madarar shanu mai ɗumi. Ina ci ina kallonta tana haɗa ruwan wankan wani jariri da ɗan abin da ta samu ta dafa a risho. Ba ta sa yatsa ba, gwiwar hannunta ta tsoma. Ta ce tafin hannu ya saba da wahala, ƙarya yake yi.

Da Dung ya dawo muka ƙarasa. A waje na sauko da bututun kusa da ƙasa, bakinsa na kallon cikin kwata, na yi masa keji da ragar waya saboda yara da kaji. Aka kawo wuta. Dung ya duba abin yanke wutar ya ce lafiya yake. Muka cika tanki, na ɗaga hannun bawul ɗin, ruwa ya zubo ta mazurari muna gani, ba ko ɗigo a ƙasa, Dung ya yi kira daga baya cewa ya fito. Na ce wa Mama Nas, "Duk ranar da kika ga ruwa yana wucewa a nan, ki kashe wuta ki kira mai gyara. Kada ki bari kowa ya toshe shi, ko da ya dame ku." Ta ce, "Ka gaya wa Ilu na ji." Raina ya yi sanyi a lokacin, har ina tsara yadda zan ba shi labarin dutsen.

A ƙauyen waya ba ta kamawa. Sai da muka hau kan titi muna jiran mota wayar Dung ta yi ƙara. Ya saurara, ya ce "To," ya sake cewa "To," ya miƙo mini. Malam Tanko ne. Ya ce, "Sani, sai haƙuri. Iliyasu ya cika da azahar. Mun kawo shi gida, kai muke jira."

Da azahar. Ina sarar dutse, ko ina shan gwate.

Ban tuna yadda muka kai Jos ba. Na dai tuna Dung yana tambayata a cikin mota, "Yau-yau za a binne shi?" Na ce haka muke yi. Ya ce su sukan ajiye mamaci a asibiti har dangi su taru daga ko'ina, a yi waƙa, a yi ban kwana. Ya ce, "Mamansa fa? Ba zai gan shi ba?" Na ce ba za ta gan shi ba. Da muka iso bakin Anguwan Rogo na miƙa masa hannu don sallama. Bai karɓa ba. Ya karɓi jakar kayan aikin daga kafaɗata ya rataya, ya shige gaba. Mutanen da ke zaune a ƙofar gida suka dube shi, Malam Tanko ya tashi ya matsa masa wuri a kan tabarma.

Ni da Malam Tanko da limamin unguwa muka wanke shi. Liman ya ce saboda ƙunar kada a cuɗa, a zuba ruwa kawai a hankali. A garin, saboda sanyi, ɗumama ruwan wankan gawa suke yi. Da aka miƙo bokitin daga cikin gida na ga tururi yana tashi a kansa, sai hannuna ya ƙi ɗauka. Na ce a kawo na sanyi. Na yi ta surkawa, ina tsoma gwiwar hannuna, har sai da na ji ba zafi ba sanyi. Ba wanda ya ce in yi sauri. Muka kai shi kafin rana ta faɗi, cikin yayyafi. Ƙasarsu ja ce, mai danƙo, ba irin yashinmu ba. Dung ya tsaya daga bakin maƙabarta, hularsa a hannu.

Washegari na shiga gaida Asabe. Tana zaune a kan tabarma, 'yan matan sun jingina da ita. Na tambaye ta ko ya sha wahala. Ta ce a'a, barci ya fi yawa.

"Ya yi magana?"

"Da hantsi ya tambaya ko ka tafi. Na ce ka tafi. Ya ce alhamdulillahi." Ta gyara mayafinta. "Can ya sake farkawa ya ce, Allah ya sa kada Sani ya sa na roba. Na ce ai kai ka koya masa. Ya ce haka ne. Daga nan sai kalmar shahada."

Na ce, "Da na sani da ban tafi ba."

Ta ce, "Da ba ka tafi ba da bai kwanta da sauƙi haka ba. Ni na gan shi kafin ka tafi, na gan shi bayan ka tafi."

Na zauna har aka yi addu'ar bakwai. Asabe za ta yi takaba a gidan mahaifinta, yaran suna makaranta a can, ban ma ɗauko maganar tafiya da su ba. Ranar da zan taho Dung ya same ni a tasha. Ya ce, "Oga Sani, ka zauna mana. Kai ka yi ruwa, ni in yi wuta. Irin wannan tanki ya yi yawa a gari, rabi ba bututu." Na ce Inna ba ta da kowa yanzu sai ni. Ya gyaɗa kai. Ya saya mini ledar karas da kabeji ya tura ta taga, ya tsaya a wurin har motar ta fita.

Dawowa ba abin faɗi. Tun daga Saminaka zafi ya fara, na cire rigar sanyin. A kan iyaka na duba ko zan ga jami'in nan in gaya masa, ba shi ne a bakin aiki ba.

Inna ta riga ta ji ta waya, an yi zaman makoki an tashi. Na tarar da ita a ɗakinta ita kaɗai, tana jan carbi. Na durƙusa na gaishe ta. Ta laluba ta kama kaina, ta shafa fuskata, ta ce in zauna. Na fara ba ta labari tun daga farko, ta ɗaga hannu.

"Kai ka wanke shi?"

"Ni ne, Inna."

"Ruwan bai yi zafi ba dai?"

"Bai yi ba. Ni na surka da kaina."

Carbin ya tsaya a hannunta. Can ta ce, "Tun yana jariri ba ya son ruwan zafi. In zan yi masa wanka har maƙwabta sai sun ji." Ta goge idonta da bakin zane. "Tashi ka ci abinci, ka sha hanya."